Jan Biro da Dutsen Fangalepa

Fangalepa, Ha'apai
6 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga jikata Lesieli,

Kafin gaisuwa, gyara. A shafi na biyu na ɗan littafin da kwamitin bikin makarantarmu ya buga, wanda na san mahaifiyarki ta aiko miki, an rubuta cewa Misa Holis, Baturen mishan, shi ya kafa makarantar Fangalepa a 1924. Wannan ba gaskiya ba ne. Misa Holis kwanon rufi kawai ya bayar, shi ma bai isa ya rufe ɗakin duka ba. Wanda ya kafa makarantar shi ne mahaifina, Semisi Paongo, a shekarar da ya dawo daga kwaleji da takardar malanta. Ki ɗauki biro ki soke wannan layin a kwafinki. Akwai kuma waƙafi biyu marasa aiki a shafin, amma su na yafe.

Yanzu gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran biyu. Ni da sauƙi, sai dai gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin gidan rediyo ya sanar. Doya ta yi kyau bana, guguwa kuma ba ta leƙo mu ba tukuna, mun gode Allah.

Sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa, dukansu a wurin jana'iza, saboda haka bari in tuna miki matsayinmu. Ke tattaɓa-kunnen Gwaggo Pisila ce, yayar mahaifina. Bisa al'ada ke fahu ce a kaina: kina da ikon shiga gidana ki ɗauki abin da ya yi miki, ni nawa shiru. Na san ba tsari ba ne na ƙasa ya aiki na sama. Larura ce ta sa.

Ga larurar. A watan Yuli za a yi bikin cikar makarantar shekara ɗari, za a kuma kafa dutse a bakin ƙofa mai ɗauke da sunan wanda ya kafa ta. Ranar 31 ga Mayu za a aika wa mai sassaƙa a babban birni, Nuku'alofa, da kalmomin. Abin da aka sassaƙa a dutse kuwa ba ya goguwa da jan biro. Na je zaman kwamiti na faɗi abin da na sani. Shugaban kwamitin, Tomasi Lolohea, wanda na koyar a aji huɗu kuma har yau bai san inda jimla ke ƙarewa ba, ya zaro wayarsa ya nuna mini shafuka uku a intanet, duka sun ce Misa Holis.

Ya ce, “Malam, uku da ɗaya. Kai ka koya mana wanne ya fi yawa.”

Aka yi dariya. Na ce gaskiya ba ƙuri'a ba ce. Ya ce, “To kawo takarda, Malam. Kai ma ba ka taɓa karɓar amsa ba tare da an nuna aiki ba.”

A nan ya kama ni. Takardun mahaifina duka guguwar 1982 ta tafi da su tare da rufin gidanmu. Abin da ya rage mini shi ne abin da ke kaina, shekaruna kuwa tamanin ba ɗaya.

An gaya mini aikinki a laburaren jami'a shi ne nemo wa mutane abin da ya ɓace musu a cikin intanet. Ina roƙonki ki nemo mini rubutacciyar shaida, ko da layi ɗaya ne, cewa Semisi Paongo ya kafa makarantar nan. Ki kula da rubutun sunayen: Fangalepa, da ng da p, Paongo ma haka. Shekara talatin da takwas na yi, ina malami ina sufeto, ina yaƙi da masu rubuta b a gurbin p da g a gurbin ng irin na mutanen da. Har Gwaggo Pisila ban ƙyale ba, Allah ya ji ƙanta.

Malama Ane mai kula da laburaren makaranta za ta ɗauki hoton wannan wasiƙa ta turo miki. Idan kin ba da amsa ta hannunta, za ta buga mini a takarda.

Kakanki,
Kelepi Paongo


Brisbane
19 ga Fabrairu, 2024

Kaka Kelepi,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na soke layin kamar yadda ka umarta, da baƙin biro, don ba ni da ja. A gaishe da gwiwar hagu, a ce ta ci gaba da aiki, ta fi masu hasashen nan namu.

Tunda ka fara da gyara, ni ma ga nawa. Aikina ba nemo wa mutane abu ba ne. Aikina koya musu su nema da kansu. Duk farkon zango ana turo mini sababbin ɗalibai ɗari-ɗari, kowa na ganin ya iya bincike saboda yana da waya. Ban taɓa yi wa ko ɗaya aikinsa ba, ba kuwa zan fara da tsohon sufeto ba. Kuma tunda ka ce ni fahu ce, abin da na ɗauka daga gidanka shi ne safiyar Talata da ta Alhamis. Za ka kai su laburaren Malama Ane, ka zauna a gaban kwamfuta. Ba gardama, tsoho.

Darasi na ɗaya. Ka buɗe shafukan nan uku na Tomasi, ka yi wa kowanne tambaya uku: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, daga ina ya samo? Amsar yawanci tana can ƙasa da ƙananan haruffa, inda ba wanda ke dubawa. Ka karanta su kamar yadda kake karanta takardun jarrabawar yara uku da suka zauna benci ɗaya.

Darasi na biyu. A zamanin mahaifinka, Turawan mishan na aika rahotonsu Sydney ne, a can ake buga shi a mujallu. An ɗauki hoton tsofaffin jaridu da mujallun nan an zuba a rumbu guda a intanet, kowa na iya shiga kyauta. Na tura wa Malama Ane adireshin. Za ka ga akwatin bincike a sama. Ka rubuta suna ka sa shi tsakanin alamar zance, don na'urar ta nemo shi a dunƙule. A gefen hagu akwai wurin zaɓen shekaru: ka ƙayyade mata daga 1920 zuwa 1930, in ba haka ba za ta juye maka duniya a cinya. Duk abin da ka gwada ka rubuta a littafi, da abin da ya fito, don kada ka maimaita. Wannan na san ba sai na koya maka ba.

In ka yi duk wannan ba ka ga komai ba, to matsalar a rubutunka take. Ka gwada rubuta sunayen ba daidai ba.

Zan shiga aji, suna jira.

Jikarka,
Lesieli


Fangalepa
8 ga Maris, 2024

Jikata Lesieli,

Na sami wasiƙarki. Ina lafiya. An yi ruwa kwana huɗu, jirgin ruwan kaya bai zo ba wancan makon, gari ba fulawa, muka koma wa rogo da kwakwa kamar iyayenmu, ba wanda ya mutu.

Zan fara da godiya, domin ta fi yawa. Na je laburare safiya biyar. Malama Ane ta nuna mini riƙon linzamin kwamfuta, wanda da farko yake guje mini zuwa kusurwa, kuma da yatsa ɗaya nake bugawa, amma ba na kuskure. Na yi wa shafukan Tomasi tambayoyinki uku. Na farko ba shi da sunan marubuci. Na biyu ya ce daga na uku ya samo. Na uku ya ce daga takardar shirin bikin shekara hamsin ya kwafa, ta 1974, wadda na san wanda ya rubuta ta, baƙo ne da ya yi shekara biyu kawai a nan. Abin da ya fi faranta mini rai, dukansu uku sun tsallake kalma ɗaya a wuri ɗaya, a jimla ta biyu. Na yi shekaru ina kama yara da irin wannan. Ban taɓa zaton intanet ma satar amsa take yi ba. Wannan darasi kaɗai ya isa in gode miki har in mutu.

Na tari Tomasi bayan sujada ranar Lahadi, na ce masa ukunsa ɗaya ne ya sauya riga sau uku. Ya sosa ƙeya, ya gyara tabarmar adon da muke ɗaurawa a ƙugu, sannan ya ce, “Na yarda, Malam. Ɗaya da sifili ke nan. Ina taka takardar?”

Ba ni da ita. Na shiga rumbun mujallun, na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya. Fangalepa: babu. Paongo: babu. Semisi Paongo, da alamar zance da babu: babu. Na faɗaɗa shekarun: babu. Gwaji ashirin da bakwai, duk suna cikin littafina. Na fara tunanin ko duniya ba ta taɓa jin labarinmu ba.

Yanzu abin da ba na so in faɗa, amma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Kin rubuta cewa matsalar a rubutuna take. Na karanta layin sau uku, na tuɓe tabarau na goge na sake karantawa. Lesieli, an zarge ni da abubuwa da yawa a rayuwata, da tsanani, da taurin kai, da tsawaita jawabi, kuma wasu na amsa. Ba a taɓa cewa ban iya rubuta sunan ubana ba. Abin da ya biyo baya, wai in rubuta ba daidai ba, na ɗauke shi zolaya irin ta jika. Kina da ikon ɗaukar tabarmata da aladena. Wannan ɗaya dai da kin bar mini.

Saura mako goma sha biyu.

Kakanki,
Kelepi Paongo


Brisbane
11 ga Maris, 2024

Kaka,

Wayyo, ka yafe mini! Sauri ne ya sa na yanke magana a tsakiya. Ba zolaya ba ce, kuma ban ce rubutunka da kuskure ba. Matsalar ita ce ya cika daidai.

Na'urar nan ba ta san ma'ana ba, ba ta san Fangalepa gari ne ba. Haruffa kawai take gwadawa: abin da ka buga da abin da ke kan tsohuwar takarda, in sun yi daidai ta kawo, in sun saɓa da harafi ɗaya ta ce babu. To yaushe aka gyara mana ƙa'idar rubutu, aka ce a daina b a koma p, a daina g a koma ng, a daina j a koma s? Kai ka fi ni sani: 1943. Mujallun da kake nema an buga su shekara ashirin kafin nan. Kana neman mutanen da da rubutun da ba su taɓa gani ba.

Saboda haka darasi na uku, shi ne kuma wanda ɗalibaina suka fi wahalar karɓa: ba yadda kake kiran abu za ka nema ba, yadda wanda ya rubuta ya kira shi. Ka ajiye sufeto a bakin ƙofa, ka rubuta kamar yadda Kaka Pisila za ta rubuta. Kuma kada ka sa sunan Semisi tukuna. Sunan gari da sunan gida kawai, ka ga abin da zai fito.

Maganar shafuka uku kuwa, na karanta wa ajina yau da safe ba tare da faɗin sunanka ba. Sun tafa maka.

Lesieli


Brisbane
22 ga Afrilu, 2024

Kaka Kelepi,

Mako shida ke nan ba ka ce komai ba. Na tambayi Malama Ane ko jikin ne, ta ce lafiyarka ƙalau, tana ganin ka a majami'a, amma tun ranar 14 ga Maris ba ka sake taka laburare ba. Ta ce ran nan ka sa ta buga maka shafi ɗaya, ka ninke ka sa a aljihu, ka fita ka bar hularka.

Na san shafin. Na gan shi tun ranar da wasiƙarka ta farko ta iso, minti goma ya ɗauke ni. Ban turo maka ba saboda ni jinin Pisila ce. Da daga hannuna ya fito, da kullum za ka riƙa tunanin na tono abin da ya yi wa gidanmu daɗi ne. Na so ka gani da idonka, da yatsanka ɗaya. Yanzu ina ganin ban kyauta ba: na bar ka ka shiga ba shiri, ka zo neman abu ɗaya na tura ka ga wani.

Mu ma ba mu sani ba, Kaka. Mahaifiyata ba ta sani ba, ban kuma gaya mata ba. In ka ga ya fi maka sauƙi a bar maganar, a bar ta. Ba wanda zai ji daga bakina. Ka dai rubuto ko layi ɗaya ne, ko da na faɗa ne.

Jikarka,
Lesieli


Fangalepa
3 ga Yuni, 2024

Zuwa ga jikata kuma malamata, Lesieli,

Kafin gaisuwa, gyara biyu. Na farko naki ne: kin ce ba ki kyauta ba. Kin kyauta. Na biyu nawa ne: a wasiƙata ta 6 ga Fabrairu, sakin layi na ɗaya, na rubuta cewa mahaifina ya kafa makarantar Fangalepa. Wannan ba gaskiya ba ne. Ki ɗauki biro ki soke.

Ina gaishe ki da maigidanki da yaran. Ina lafiya. An fara haƙar doya, sanyi ya shigo, gwiwa ta lafa. Hular ma na karɓo.

Ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris. Na zauna na buga Fagaleba. Sai da na juya na tabbata ba wanda ke kallon allon, domin ji na yi kamar na fita ba tabarma a ƙugu. Na ƙara Baogo. Abu ɗaya ya fito, mujallar mishan ta watan Oktoba 1923, wasiƙar Misa Holis da kansa. Kin san ta, amma bari in rubuta ta da hannuna, don na cancanci wannan horo:

“A Fagaleba na tarar da abin da ban zata ba. Wata budurwa, Bijila Baogo, ta tara yara talatin da ɗaya a rumfar busar da kwakwa, tana koya musu karatu da ƙidaya tun bara. Ba wanda ya sa ta. Allonta tsohuwar ƙofa ce da aka shafa wa gawayi. Ƙanenta Jemisi yana kwaleji. Idan ya dawo shi za mu danƙa wa makarantar, tunda shi zai zo da takarda.”

Na kai shafin gida na sa a cikin Littafi Mai Tsarki, na yi mako tara ina buɗe wani wurin dabam.

Ba don sunan mahaifina kaɗai ba. A 1966, ina sabon malami, Gwaggo Pisila ta aiko mini da 'yar takarda tana neman in zo in taya ta gyaran rufin kicin. Na zana jan da'ira a kan kowane b da kowane g, har da na sunanta, na mayar mata. Da na je gyaran rufin ta riƙe mini tsani, sai da na sauko ta ce, “Kelepi, da b ɗin nan na koya wa ubanka karatu, da shi da rabin garin nan.” Na yi dariya. Na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi. Littafin waƙoƙinta na majami'a yana wajena tun rasuwarta, ban taɓa buɗe shi ba sai bana. Takardar tana ciki, a ninke, da jan da'irata goma sha ɗaya.

Sai na yi wa kaina tambayoyinki uku. Wa ya ce Semisi ya kafa makarantar? Yaushe? Daga ina ya samo? Na bi zaren a hankali kamar yadda na bi na Tomasi. Mahaifina bai taɓa faɗa ba; shi dai ya koyar shekara arba'in ya yi shiru. Wanda ya fara faɗa a bainar jama'a wani saurayi ne mai sabuwar kwat, a jawabin jana'izarsa, Gwaggo Pisila tana zaune a saman tabarma tana ji. Ni ne. Duk wanda ya maimaita bayan nan, daga gare ni ya kwafa. Ashe ni ma shafin intanet ne marar tushe.

Wasiƙarki ta ƙarshe ce ta tashe ni. Da kika ce a bar maganar in ya fi mini sauƙi, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, domin abin da nake shirin yi ke nan, sai ga shi a rubuce. Abu in an rubuta shi, ina iya ganin kuskurensa.

Ranar 20 ga Mayu na je zaman kwamiti da kwafi bakwai na shafin. Na miƙe na karanta, na ce na yi kuskure shekara hamsin da wani abu, a rubuta a littafin zama. Sai Tomasi ya ce, “Jama'a, a duba waje, ko teku ta ƙafe. Malam Kelepi ya ci gyara!”

Na ce, “Ka ci naka tukuna. Tun bara wasiƙar ta ce, a 1923. Wato 1922. Bikin ɗarinku ya makara da shekara biyu.”

Ya ce, “To sai mu ce jirgi muka jira.”

Aka yi ta dariya har fasto na share ido. Can daga baya Mele Siale, wadda ta haura casa'in kuma ba ta taɓa magana a zama ba, ta ce, “Ai uwata a rumfar kwakwar nan ta koyi karatu. Kullum hannunta baƙi da gawayi, ta ce.”

Na ce, “Mele, me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?”

Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Kai kuma in ka fara magana, akwai ƙofar shiga ne?”

Na koma na zauna.

An amince da kalmomin ba musu: wadda ta fara, 1922, Semisi Paongo, malami na farko mai takarda, 1924, Misa Holis, wanda ya ba da rufi ya kuma rubuta gaskiya. Shi ma na yi masa rashin adalci, domin ba don alƙalaminsa ba da ba mu sani ba. Musun ya tashi ne a kan harafi. Tomasi ya rubuta Pisila Paongo. Na ce a'a, a sassaƙa Bijila Baogo, yadda ta rubuta da hannunta.

Tomasi ya ajiye biro ya ce, “Malam, sau nawa ka tsayar da ni cikin zafin rana saboda b?”

Na ce, “Sau tara. Ina neman afuwar ɗaya.”

Malama Ane ce ta raba mu. Ta ce a sa yadda mai sunan ta rubuta a sama, sabon rubutu a ƙasa da ƙananan haruffa, don duk yaron da ya wuce ya tambayi dalili, ita kuma ta kai shi gaban kwamfuta ya nemo da kansa. Ta roƙe ni in riƙa zuwa ranar Talata ina koya wa 'yan aji shida tambayoyin nan uku. Na karɓa. Safiyar dama taki ce, kin riga kin ɗauka.

An aika da kalmomin ranar 29, kwana biyu kafin wa'adi. Shekaranjiya mai sassaƙa ya bugo waya daga Nuku'alofa, ya ce ya ga kuskure har huɗu a layin farko, ya gyara ne? Aka miƙo mini wayar. Na ce masa ni ne Kelepi Paongo, tsohon sufeton makarantu, kuma idan ya taɓa harafi ɗaya zan hau jirgi in zo.

Lesieli, na nemi ki ba ni layi ɗaya, kika hana, kika koya mini nema. Da kin ba ni, da na yi miki gardama har Yuli. Na gode. Bikin ranar 12 ga Yuli ne, kwamiti kuma ya ce jinin Bijila ne zai yaye ƙyallen da ke kan dutsen. Ki gaya wa mahaifiyarki yanzu, ku zo tare.

Wannan wasiƙa ba ta hannun Malama Ane za ta zo ba. Matar fasto za ta Brisbane wajen ɗanta ranar Juma'a, ita za ta kawo miki, tare da waɗannan:

Na ɗaya, kwafin kalmomin dutse, da sa hannun 'yan kwamiti.

Na biyu, littafin gwaje-gwajena, ashirin da bakwai da suka faɗi da ɗaya da ya ci. Ki nuna wa ɗalibanki, wannan karon kina iya faɗin sunana.

Na uku, kwalbar man kwakwa biyu daga Mele Siale. Ta ce ɗaya taki, ɗaya ta mahaifiyarki, kada ku ba maza.

Na huɗu, littafin waƙoƙin Gwaggo, da takardarta a ciki inda ta bar ta. Gidanku ya kamata ya zauna tun farko.

Na biyar, jan birona. Ba ki nema ba, amma fahu ba ta buƙatar nema. Akwai sauran tawada a ciki, ya isa soke layi ɗaya.

Kakanki kuma ɗalibinki,
Kelebi Baogo